Hannun Sista Rifkatu

Mutum na farko da ya ɓata mini rai a Ingila wani jami'in kwastan ne mai jan gemu. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ɗan akwatin sanyin da na rungumo a cinyata tun daga Bauchi, shi ya ɗaga da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce, "Wannan fa?"

Na miƙa masa takarduna. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti, abin da ke ciki kuma ba ƙwayar cuta mai rai ba ce, abin da muka tatso ne daga cikinta bayan mun kashe ta, ko ƙuda ba zai cutar ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce bai gane Turancina ba, in yi a hankali. Iko sai Allah! Ni Sa'adatu da likitoci ke shakkar bakina, yau ni ake koya wa magana. Na haɗiye, don na san in na buɗe baki yadda na saba, jirgin da ya kawo ni shi zai mayar da ni.

Suka ajiye ni a wani ɗaki mai gilashi, akwatin yana kan tebur ina kallo, ba damar taɓawa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, ni dai ƙanƙarar da ke ciki nake tunani. Can wata mata ta zo ta duba takardun, waɗanda dai na miƙa tun farko, ta ce komai daidai ne, in tafi. Ko haƙuri ba wanda ya ba ni. Mai jan gemun ma har da yi mini fatan in ji daɗin zama a ƙasarsu.

Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin nan, don a san abin da ya rufe mini baki.

A asibitinmu akwai ɗakin jarirai, inda ake kwantar da bakwaini a kwalba, da sauran waɗanda aka haifa ba lafiya. Tun farkon damina jarirai suka fara mutuwa a ɗakin nan fiye da yadda aka saba. Yaro yana tsotso da safe, da yamma jiki ya saki, ciki ya kumbura, kafin a yi wani abu ya tafi. Ni nake karɓar jininsu in shuka a faranti, kuma kullum ƙwaya ɗaya ke fitowa, wadda ake kira Kilebsiyela. Ba baƙuwa ba ce, mun san ta. Amma wannan karon ba ta jin magani. Allurar da muka saba, ko a jikinta. Mai tsadar da ake tura iyaye har Jos su nemo, ita ma ko a jikinta.

Aka ce in bi ɗakin da auduga in goga ko'ina, in gano inda take ɓoye. Na goga, ta kuwa fito ko'ina. Ta fito a bakin famfo, a sikelin awon jarirai, a murfin kwalba, a wayar wani likita, a robar bakin ledojin ƙarin ruwa, ta kuma fito a hannun Sista Rifkatu.

Shugaban sashenmu ya kafa kwamiti. Wani likita ne da ke zaune a GRA, ba zan faɗi sunansa ba, Oga muke ce masa. Duk wuraren nan da na lissafa, kwamiti bai ga ko ɗaya ba sai hannun Sista. Ai kuwa dole. Canza famfo kuɗi ne, sabuwar kwalba kuɗi ce, wayar likita kuwa ai ta likita ce. Hannun nas ne kawai ba ya cin ko sisi. Suka ce ita ta shafa wa komai, a goge wurare da sifirit, ita kuma a dakatar da ita.

Na miƙe a gaban kwamitin na ce, "Ranka ya daɗe, gwajinmu suna kawai yake faɗa. Kamar a ce maka ɓarawon da ya shiga gidanka sunansa Musa. Musa nawa ne a Bauchi? Wadda ke hannunta da wadda ke cikin jinin yaran nan, ba wanda ya san ko dangi ɗaya ne."

Ya ce, "Malama, ke aikinki ki kawo sakamako. Fassara tamu ce."

Sista Rifkatu ita ce babba a nas-nas ɗin ɗakin, tun kafin in shiga sakandare take aikin nan. Kirista ce 'yar ƙasar Bogoro, kowa Mama yake ce mata. Kuma tana da wani kwali a ƙarƙashin teburinta da duk wani talaka da ya taɓa kwana a ɗakin ya san shi. A wurinmu komai iyaye ke saye, har ledar ƙarin ruwa. Bakwaini kuwa ba ya shanye leda guda, ɗan kaɗan ake zuƙa da sirinji ta robar bakinta. To in aka sallami yaro, sai uwar ta miƙa wa Mama ragowar ta ce, "Ga shi, sadaka, Allah ya ba sauran lafiya." Wadda nata ya rasu ma takan bari, ta ce ladan ya kai masa. Mama ta adana a kwali. Duk wadda ta zo ba ta da hali sai Mama ta dafa ta ta ce, "Kar ki damu, akwai a kwali." Ɗana Walid bakwaini na haife shi, lokacin maigidan ba aiki, ni kuma ban fara ba. Ruwan kwalin nan aka sa masa har ya buɗe ido.

Wannan matar ce maganarta ta fita gari. Aka ce mugun hannu gare ta. Aka ce mayya ce. Har da marasa kunyar da suka ce don ba addininmu ɗaya ba take kashe 'ya'yan Musulmi, alhali wasunsu 'ya'yan da suke taƙama da su ita ta raya. Da na je yi mata sallama a gidanta a Yelwa, na tarar an yi mata jika, santalelen yaro. Surukarta ta miƙo mata shi, sai na ga ta ɓoye hannuwanta a cikin zane.

Ta ce, "Tun da aka haife shi ban taɓa shi ba, 'yata. Idan gaskiyarsu ce fa?"

Na ce, "Mama, akwai na'urar da ke karanta asalin ƙwaya tun daga tushe, ta faɗi wace ta haifi wace. Na samu gurbin koyon aikinta na 'yan watanni, kuma sun yarda in taho da samfurinmu. Zan kawo miki gaskiyar hannunki."

Abin da ke cikin akwatin ke nan.

Daga filin jirgi na hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a arewacin ƙasar, inda jami'ar take. A nan Malam Sabo yake, ɗan garinmu, abokin yayan maigidana. Shi ya ce kar mu wahalar da kanmu neman masauki, yana da ɗaki na mace ita kaɗai kusa da jami'a, a turo kuɗin kama wuri kawai. Maigidan ya tura, har yana sa masa albarka. Ya tare ni a tasha da fara'a, "Hajiya, sannu da hanya, ya mutanen Gwallameji?" Wallahi da na ji Hausa a bakinsa sai da hawaye ya zo mini.

Muka isa gidan. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, an cusa katifa a ciki. Kan katifar akwai wandon namiji. Ashe gidan gardawa ne masu aikin kwana, mai katifar da rana yake barci, ni kuma in ya fita sai in shiga.

Na ce, "Malam Sabo, ni matar aure, a nan?"

Ya ce, "Hajiya, nan fa Turai ce, ba Gwallameji ba. Kowa haƙuri yake yi."

"To ba ni abin da aka turo maka in nemi wani wuri."

"Ai wannan ya shiga hidima. Kin san abubuwa a nan ba kamar gida ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Duk abin da na haɗiye wa mai jan gemu, Malam Sabo ne ya sha shi. Na ce masa Bature bai san ni ba, bai san uwata ba, in ya wulaƙanta ni da sauƙi. Amma kai ka ci tuwo a gidan surukaina. Na ce masa Allah ya isa, kuma sai na faɗa wa duk wanda ya san shi daga Wunti har Inkil. Ya yi mirsisi yana danna waya. Na ja jakata, na rungumi akwatina, na fita cikin yayyafi.

Ban san kowa ba, sai na nufi jami'ar, don ko ni ban samu wurin kwana ba dole samfurin nan ya shiga firji. Na same su suna shirin tashi. Ina tsaye a bakin ƙofa, hijabina a jiƙe sharkaf, ina ta zagin Malam Sabo ƙasa-ƙasa, sai na ji an ce, "Sannu, sannu. Ya isa." Na waiga. Wata doguwar mata ce da farar rigar aiki. Amal sunanta, 'yar Sudan. Kakarta Bahaushiya ce, cikin waɗanda suka tafi Makka a ƙasa suka tsaya a Sudan. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da zagi ba, shi ya sa ta gane abin da nake faɗa sarai. Ta karɓi akwatin ta sa a firji, ta karɓi jakata. A doguwar kujerar falonta na kwana har na bar ƙasar, kuma ba ta taɓa bari na yi maganar biya ba.

Washegari na ga Farfesa, mai ɗakin binciken. Dattijo ne mai sanyin murya, ya ce in riƙa kiransa da sunansa na yanka. Na ce a gidanmu ba a yin haka. Ya yi murna ƙwarai da samfurina, ya ce abu ne mai daraja, don daga yankinmu ba su cika samu ba. Sannan ya ce za a jira na sauran ƙasashe su iso, a haɗa a zuba a babbar na'ura gaba ɗaya, ya fi arha. Kafin nan in riƙa koyo da tsofaffin samfura.

Na ce, "Sai yaushe ke nan?"

Ya ce, "Wataƙila bayan hutun ƙarshen shekara."

Haka na zauna ina koyo. Gaskiya na koya, ba zan yi musu butulci ba. Amma zaman bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Rana ba ta fitowa, tun la'asar gari ya yi duhu. Ka gaida mutum a matakala ya kalle ka kamar ka tambaye shi bashi. Abinci ba gishiri ba yaji, har mafarkin masar Bauchi nake yi, mai zafi daga tanda, da ƙuli da man shanu. Walid in ya kira ni a waya ba ya tambayar yaushe zan dawo, sai ya ce in nuna masa taga, ya ga ko garin yana da rana. In na ajiye wayar sai in shiga banɗaki in yi kukana in wanke fuska.

Abin da ya fi ci mini rai saƙonnin Talatu ne, wata ƙaramar nas da ta rage a ɗakin jarirai. Ba ta da dogon zance. "Anti Sa'a, yau ma mun rasa ɗaya." An kori Mama, mutuwa ba ta tsaya ba, kwamiti kuma ya ce ai ragowar abin da ta bari ne. Ni kuwa kullum sai na wuce ta gaban firjin nan, abin da muka tatso daga jinin 'ya'yanmu yana ciki an manna masa takarda yana jiran layi.

Ranar da Talatu ta ce tagwaye ne suka tafi a tare, na shiga ofishin Farfesa ban ƙwanƙwasa ba. Na ce masa waɗannan ba samfura masu daraja ba ne, yara ne, kuma wasu suna nan a kwance a ɗakin da waɗannan suka mutu. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya fahimci damuwata matuƙa, ya tambaye ni ko zan sha shayi. Shayi! Wallahi na gwammace ya zage ni.

Amal ce ta ja ni gefe. Akwai wata ƙaramar na'ura da aka ba ta don nata aikin, da kayan haɗi na zubi ɗaya da ta daɗe tana jira. Ta ce, "Zuba naki. Nawa ba mai mutuwa." Da ta ciro na'urar daga aljihun tebur sai na tsaya ina kallo. Ba ta fi ƙaramar waya girma ba, a jikin kwamfuta ake soka ta. Na ce, "Wannan? Wannan abar ce na ƙetare teku dominta?" Motar Oga ɗaya ta isa ta sayo irinta cike da buhu.

Muka zuba. Da sakamakon ya fito, kwamfuta ta zana shi kamar bishiyar zuriya, kowane samfuri ɗigo guda a kan reshe. Waɗanda suka fito daga uwa ɗaya sukan taru wuri ɗaya, waɗanda suna kawai ya haɗa su sai su yi nisa da juna. Na ga ɗigon jariran duk sun cunkushe a reshe guda, jikinsu ɗauke da abin da ke hana magani aiki. Na bi da yatsa ina neman hannun Mama. Can na same shi a ɗaya gefen, shi kaɗai, ba abin da ya haɗa shi da su, irin ƙwayar da allura mafi arha ke kashewa. Na famfo ma daban, na wayar likita daban. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ɗakin binciken Turawa ba, har wani ya saki abin da ke hannunsa.

Amal tana dariya, sai ta nuna tsakiyar reshen jariran ta ce, "Waɗannan fa da ke cikinsu, na mene ne?"

Na duba lambar. Na sake dubawa. Robar bakin ledojin ruwa ce, waɗanda na ɗauko daga kwalin Mama.

Na zauna a ƙasa. Ruwan nan akwai sukari a ciki. Kowace sirinji da ta huda robar tana iya shigar da ƙwaya, ita kuma ta samu abinci da ɗumin ɗaki, ta yi ta haihuwa. A zuƙa daga wannan leda a sa wa yaro kai tsaye a jijiya, ragowar a mayar kwali ta goga da 'yar'uwarta. Sai fuskokin iyayen suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Matar Inkil da ta zo da zane ɗaya a jikinta. Matar mai gyaran keke. Har uwar tagwayen da ban taɓa gani ba. Duk waɗanda aka dafa aka ce wa kar ki damu ne. Waɗanda mazansu ke shigowa suna kaɗa makullin mota sun sayi sabuwar leda, sun koma gida da 'ya'yansu.

Farfesa ya zo ya duba, ya daɗe yana kallo. Ya ce abin ban sha'awa ne, amma ƙaramar na'ura tana kuskure, sai an maimaita a babba, sannan kwamitinsu ya amince kafin wani sakamako ya fita daga ginin. Haka yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ce.

Na ce, "Farfesa, a ƙasarku jariri yana jiran kwamiti?"

Ya ce, "In kin faɗa kuma ya zama kuskure ne fa?"

"In kuskure ne, an yi asarar kwali. In gaskiya ne fa?"

Ya ce in na buga waya, da sunana na buga, ba da na ɗakinsa ba, kuma maganar ƙarin wa'adin da yake nema mini ta mutu. Na ce Allah ya ji ƙanta. Daga baya ya maimaita gwajin a babbar na'ura, ya fito yadda yake, amma lokacin na riga na buga.

Oga na fara kira. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun Sista ba shi da laifi. Ledojin kwali ne, a ɗauke su yau."

Sai na ji muryarsa ta washe. Ya ce, "Ato! Kwalin wa?"

"Kwalin sadaka ne, ranka ya daɗe. Kai ma ka sha turo marasa hali wurinsa."

"Ni ban taɓa sa hannu a kan wani kwali ba. Ki turo a rubuce. In na dawo daga taro a Abuja kwamiti zai zauna."

Na kashe wayar a kunnensa, abin da ban taɓa yi wa babba ba, kuma ban yi nadama ba. Na kira Talatu. Ta fashe da kuka ta ce, "Anti Sa'a, wallahi ba zan iya zubar da kwalin Mama ba. Sadakar mutane ce. Kuma akwai yaran da ke kansa yanzu haka, in na zubar me zan sa musu? Sauran ma ba za su yarda ba sai in ita ta faɗa."

Saura mutum ɗaya ke nan. Na fita waje na zauna a rumfar jiran bas, iska tana yanka mini fuska, na daɗe ina kallon lambarta kafin na danna.

"'Yata! Ya sanyi?"

"Mama, hannunki lafiya ƙalau yake. Na gani da idona. Ba daga shi ba ne."

Na ji ta saki numfashi tana kiran sunan Allah. Da a ce zan iya tsayawa a nan, da na tsaya. Ta ce, "To daga ina ne?"

Na faɗa mata. Ban rage komai ba, don ba ta cancanci a yi mata kwana-kwana ba.

Ta ce, "Ke nan duk wadda na dafa na ce mata kar ta damu."

"Mama, ba ke kika ce talaka ya sayi ruwa ba. Ba ke kika..."

"Sa'adatu, ba ki iya ƙarya ba, kar ki fara yau. Akwai yara a kansa?"

"Akwai."

Ta ce, "Ina zuwa," ta kashe.

Talatu ce ta ba ni labarin sauran. Mama ta hau keke napep har ƙofar asibitin da aka hana ta shiga. Mai gadi ya tare ta, ta kalle shi, ya matsa, don 'yarsa ma ta taɓa kwanciya a ɗakin. Ta shiga ta jawo kwalin ta ɗora a ka, ta kai bayan gini inda ake ƙona shara, ta tsaya har ya cinye. Sannan ta tsallaka kemis ta sayo wa yaran da ke kansa sabbin ledoji da abin da ke ɗaure a bakin zanenta. Ba ta taɓa yaro ko ɗaya ba. Ta ce wa nas-nas ɗin daga yau leda ɗaya yaro ɗaya, in an gama a zubar, duk wadda ta sake karɓar ragowa ba ta yafe ba.

Cutar ta lafa. Saƙonnin Talatu suka koma na gulma da tambayar tsaraba.

Wa'adina ya cika na dawo, babu ƙari, babu ko kwabo daga Malam Sabo. Amal ta raka ni tasha ta cusa mini turaren wuta a jaka, ta zage ni da zagin kakarta don kar mu yi kuka. Na sauka Bauchi na tarar kwamiti ya zauna. Sun janye zargin hannu. A madadinsa suka yi wa Mama ritayar dole, saboda ajiye kayan jinya ba bisa ƙa'ida ba, kuma rahoton da na turo musu a rubuce suka liƙa a matsayin hujja. Rahotona! Na ƙetare teku, na kwana a kujera, na sha wulaƙancin mai jan gemu, don in kawo musu igiyar da ta fi ta farko ƙarfi. Oga kuwa ya je Abuja ya ba da lacca a kan yadda sashensa ya shawo kan annoba da ilimin zamani, aka tafa masa. Har yau ledar ruwa iyaye ke saye. Wadda ba ta da hali tana tsaye a baranda tana buga wa dangi waya, yaro yana ciki yana jira. Na faɗi wannan a kowane taro har sun daina sa sunana a gayyata.

Na yi kwanaki ban iya zuwa Yelwa ba, kunya ta hana ni. Da na je, na tafi da Walid don ya zame mini garkuwa. Ta rame, gashinta ya ƙara fari. Ta karɓi gaisuwar Walid, ta daɗe tana kallonsa, wannan da ruwan kwalinta ya raya. Na fara ba ta haƙuri a kan rahoton, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Bar wannan. Aikin dama na kusa ajiye shi. Matar Inkil ɗin nan, mai zane ɗaya, nata yana cikin reshen?"

"Yana ciki, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta zaro hannuwanta daga cikin zane ta ɗora a gwiwa tana kallonsu, ta juya bayansu, ta juya cikinsu.

"Amma waɗannan, kin tabbata?"

"Na tabbata. An maimaita a babbar na'ura ma."

"Rantse mini yadda kuke rantsuwa."

Na ce, "Wallahi tallahi, Mama, hannunki bai kashe kowa ba."

Ta tashi ta je bakin randa, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, yadda ta koya wa kowace nas da ta ratsa ɗakin nan. Ta yarfe ruwan, ta jira suka bushe. Sannan ta ɗaga murya ta kira surukarta.

"Kawo mini shi."

Yaron har ya fara rarrafe. Bai san hannunta ba, da ta ɗauke shi sai ya tsala ihu yana miƙa wa uwarsa hannu. Uwar ta matso za ta karɓa, Mama ta juya mata baya, ta ƙara ƙanƙame shi.